Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Mace Za Ta Riƙe Kuɗinta

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata suka fi maimaitawa idan aka zauna maganar kuɗi, daga mai albashi zuwa mai sana'ar hannu, daga wadda ba ta yi aure ba zuwa wadda take riƙe da marayu ita kaɗai. Na amsa su ne bisa abin da na gani kuma na yarda da shi, wato kuɗin mace sun fi saurin zirarewa idan ba a ba su suna ba kuma ba a ware musu mazauni ba, domin duk wata ƙaramar buƙata da ta taso a gida tana ganin kuɗin da ba su da suna nata ne.

Lissafi ɗaya ne ga kowa, to me ya sa ake ware mata a maganar kuɗi?

Lissafin ɗaya ne, amma hanyar da kuɗi ke bi kafin su iso hannun mace, da tsawon lokacin da za su yi mata hidima, sun bambanta da na namiji. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na shekarar 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya, aikin da ba a biyan komai a kansa, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya albashin mata yana ƙasa da na maza da kimanin kashi 20 cikin 100. Bayan haka, a matsakaicin lissafi mata sun fi maza tsawon rai da kimanin shekara 5. Idan aka haɗa waɗannan, za a ga mace tana samun abin da bai kai na namiji ba, haihuwa da reno suna katse mata nema, sannan tana da shekarun tsufa masu yawa da za ta ci a kan abin da ta tara.

Akwai kuma tarihi. A Ingila sai a 1882 doka ta tabbatar wa matar aure cikakken ikon mallakar dukiya da sunanta. A Faransa sai a 1965 matar aure ta samu damar buɗe asusun banki ba tare da amincewar mijinta ba, a Amurka kuwa sai a 1974 aka hana bankuna ƙin ba wa mutum bashi saboda jinsinsa ko matsayin aurensa. Matan da aka haifa kafin dokokin Faransa da Amurka suna nan da ransu, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan har yau ana samun gidajen da ake koya wa yarinya kashe kuɗi da tattali, amma ba a koya mata mallaka da juyawa.

Kuɗi suna shigo mini, amma ban san inda suke tafiya ba. Daga ina zan fara?

Ki fara da rubutu, kafin kasafi kuma kafin ajiya. Ki samu ƙaramin littafi da biro, ko ki buɗe shafi a wayarki, ki riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita har tsawon kwana 30, ba tare da kin canza komai a yadda kike kashewa ba. Sharaɗin shi ne a rubuta a ranar, domin abin da aka bari sai gobe rabinsa yana ɓacewa, kuma wanda yake ɓacewar shi ne ainihin wanda ake nema.

Manyan kashe-kashe ba sa ɓuya, kowa ta san nawa take biya na haya ko na makaranta. Waɗanda ke ɓuya su ne ƙanana masu maimaituwa, irin su katin waya, kuɗin mota na tafiyar da ba a shirya ba, canjin da aka bar wa ɗan aike, abin da aka miƙa wa yaro don ya daina kuka, da cikon cefanen da mace take yi daga jakarta ba tare da ta ɗauke shi a matsayin kashewa ba. A watan farko da na gwada wannan, na zauna da dare na ja layi ƙarƙashin shafi na tara, sai na ga abin da na rubuta da sunan "ciko" ya fi abin da na kashe wa kaina gaba ɗaya. Ban yi nadamar cikon ba, domin gidana na yi wa, amma daga ranar na san girmansa, na kuma iya zama da maigidana mu tattauna a kan adadi maimakon a kan zato.

Idan wata ya cika, ki raba abin da kika rubuta gida uku: na dole, na sha'awa, da wanda kika ba wasu. Gida na ukun ne yawancin mata ba sa lissafawa.

Na ji ana maganar tsarin 50, 30, 20. Dole ne in bi shi?

Ba dole ba ne. Tsarin ya yi fice ne ta hannun Elizabeth Warren da 'yarta a wani littafi da suka fitar a Amurka a 2005, inda suka ba da shawarar kashi 50 cikin 100 na samu ya tafi ga buƙatun dole, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 kuma ga ajiya da biyan bashi. Amfaninsa shi ne sauƙin tunawa. Rauninsa kuwa shi ne an gina shi a kan mai samun da ya wadatar, alhali akwai mata da yawa da buƙatun dole kaɗai ke cinye musu kashi 80 ko fiye. Irin wannan mace idan ta auna kanta da wancan ma'auni sai ta ga kamar ta gaza, ta watsar da kasafin ɗungurungum. Daidai ruwa daidai tsaki: ki ɗauki hikimar rabawar, ki sa naki adadin, ko da 85, 10, 5 ne, muddin kason ajiyar bai zama sifili ba.

Abin da nake samu kaɗan ne, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Ajiya za ta yiwu gare ni?

Za ta yiwu idan aka sauya jerin. Mafi yawan mutane suna kashewa ne, sannan su ajiye abin da ya rage, kuma abin da ke raguwa a ƙarshen wata kusan kullum babu ne. Ki cire kason ajiya a ranar da kuɗin suka shigo hannunki, kafin ki saya ko ki biya komai. Mai samun da ba na wata-wata ba ta fi dacewa da kaso maimakon tsayayyen adadi, wato duk abin da ya shigo, babba ko ƙarami, ta cire kashi 5 ko 10 cikin 100 nan take. Wadda ke cire kashi 5 za ta tara kwatankwacin samunta na wata guda cikin wata 20, mai cire kashi 10 kuma cikin wata 10. Na san wannan tafiya ce ta sannu, kuma ba zan ce miki akwai gajeriyar hanya ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Wata dabarar ita ce ki auna rayuwarki da watan da kika fi ƙarancin samu. Abin da ya haura wannan a watan yalwa sai ki adana shi don cike giɓin watan ƙunci. Idan kuma samunki ya ƙaru, ki ɗaga kason ajiya tun kafin ki saba da ƙarin. Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, ya gina wani tsarin tanadi na ma'aikata a kan wannan fahimta, cewa mutum ya fi yarda ya ajiye daga ƙarin da bai taɓa riƙewa ba a kan ya rage abin da ya riga ya saba da shi.

Mece ce ajiyar gaggawa, kuma nawa ya kamata ta kai?

Kuɗi ne da aka ware don abin da ya faɗo ba zato, kamar rashin lafiya, rasa aiki, lalacewar kayan sana'a ko rasuwar mai ɗaukar nauyin gida. Abin da aka saba ba da shawara a kai shi ne ta kai kuɗin buƙatun dole na wata 3 zuwa 6. Mai ajiye kashi 10 cikin 100 za ta iya shafe fiye da shekara 2 kafin ta kai matakin wata 3, don haka gara ki sa wa kanki zangon farko na mako 2, sannan wata 1. A ajiye ta inda za a iya cirewa cikin kwana ɗaya, amma ba a asusun da ake cefane da shi ba. Kuɗin makaranta da na haya ba gaggawa ba ne, tunda an san ranar zuwansu, saboda haka su ma a ba su nasu suna da nasu mazauni.

Me zai hana in ajiye kuɗina a gida, ko in mayar da su zinare?

Kuɗin da ke gida suna fuskantar ɓarawo da gobara da hannun mai su, sannan akwai hauhawar farashi da ke cin su a hankali ba tare da an taɓa su ba. Akwai wata sauƙaƙƙiyar ƙa'ida ta auna wannan: ki raba 72 da adadin hauhawar farashi na shekara, abin da ya fito shi ne kimanin shekarun da kuɗinki za su yi kafin su rasa rabin ƙarfin sayensu. Idan farashi na hawa da kashi 6 cikin 100 a shekara, shekara 12 ke nan, idan da kashi 12 ne shekara 6, idan kuwa da kashi 24 ne shekara 3 kacal. Ke nan kuɗin da aka ƙulle a akwati suna nan a ido, amma abin da za su saya yana ramewa. Asusun banki na yau da kullum ma ba ya tsere wa wannan, abin da yake ba ki shi ne tsaro da shaidar mallaka da sunanki. Ki tabbatar bankin yana da lasisi, ki kuma tambayi iyakar abin da hukumar inshorar ajiya ta ƙasarki ke biya idan banki ya durƙushe.

Zinare yana riƙe daraja a dogon zango, amma farashinsa yana hawa yana sauka, kuma kayan ado na zinare suna ɗauke da kuɗin ƙira wanda ba ya dawowa ranar sayarwa. Ki san karat ɗin abin da kike saya, domin mai karat 22 kusan kashi 92 cikin 100 nasa zinare ne, mai karat 18 kuwa kashi 75. Ki karɓi rasit mai ɗauke da nauyi da karat, ki adana shi a wani wuri daban da inda zinaren yake. Ra'ayina shi ne zinare ya dace da ajiyar shekaru, bai dace da ajiyar gaggawa ba, domin mai sayarwa cikin matsi kullum ita ake karya wa farashi.

Ina sana'a, ana ciniki, amma jarina kullum raguwa yake yi. Mene ne matsalar?

Kusan ko yaushe matsalar ita ce jakar sana'a da jakar gida sun zama ɗaya. A ɗauki mai ɗinki a misali. Cikin kowace 100 da ta karɓa daga hannun masu kawo aiki, a ce 60 na zare ne da shafi da maɓallai da wuta da ladan yarinyar da ke taya ta, 10 kuma ya kamata a ware don gyaran keke da maye gurbinsa ranar da ya gaji. Abin da ya rage, wato 30, shi ne nata. Amma idan duka 100 suka shiga jaka ɗaya, da safe a ɗiba a ba yara na makaranta, da rana a ɗiba a cike cefane, da yamma maƙwabciya ta aiko a ranta mata, to ranar da za ta koma sayen kayan aiki sai ta tarar da 45 a inda ya kamata ta tarar da 60. Ba ta yi almubazzaranci ba, kuma ba wanda ya sace mata, uwar kuɗin ce aka ci a matsayin riba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, idan na cikin ya ƙare sana'ar ta tsaya ko da masu saye suna layi.

Maganin shi ne mazauni biyu: asusu ko jaka ta sana'a daban, ta gida daban. Ki yanka wa kanki albashi daga sana'ar, na mako ko na wata, wanda bai wuce ribar gaskiya ba, duk hidimar gida kuma ta fito daga wannan albashi. Idan larura ta sa kika taɓa kuɗin sana'a, ki rubuta shi a matsayin bashin da kika ci, da ranar mayarwa. Sannan ki sa ladan aikinki cikin farashi. Mata da yawa suna lissafa kayan aiki su manta da awannin da suka shafe, su ɗauka sun ci riba, alhali ƙarfinsu suka bayar kyauta.

Abu na ƙarshe shi ne bashin masu saye. Kayan da aka ɗauka ba a biya ba jarinki ne ke zaune a gidan wani. Ki sa iyakar abin da za ki iya bayarwa bashi, idan an kai iyakar ki dakata har sai wasu sun biya.

Adashi hanya ce mai kyau ta tara kuɗi?

Irin wannan tari na karɓa-karɓa yana nan a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, kowace al'umma da sunan da take kiransa, kuma ya daɗe ne saboda yana aiki: kunyar idon abokan zubi tana tilasta wa mutum abin da ba zai iya tilasta wa kansa ba. Sai dai a san iyakarsa. Ba ya haifar da ƙari, wadda ta kwasa a ƙarshe ta ranta wa sauran kuɗinta ne kyauta yayin da farashi ke hawa, kuma idan wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi babu wata hukuma da za ta biya. Ki shiga da waɗanda kika san hanyar samunsu, a rubuta jerin kwasa da ranaku, zubin kuma kada ya wuce abin da za ki iya ko a watan ƙunci. Mafi muhimmanci, ki san abin da za ki yi da kwasarki tun kafin ta zo, domin dunƙulallen kuɗin da ba a yi musu shiri ba ba sa kwana.

Yaushe cin bashi yake da amfani, kuma ta yaya zan fita daga wanda nake ciki?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai wanda ke gina mai shi akwai wanda ke cinye shi. Wanda aka ci don sayen abin da zai samar da kuɗin biyansa, kamar kayan aiki ko koyon sana'a, yana iya zama alheri. A kan wannan ne Muhammad Yunus ya kafa bankin Grameen a Bangladesh, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu karɓar rancensa mata ne, har shi da bankin suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Bashin da aka ci don abin da zai ƙare kafin a gama biya, ko don a fita kunyar mutane, shi ne mai nauyi.

Kafin ki sa hannu, ki nemi a faɗa miki jimillar abin da za ki mayar, ki kuma tambaya ko kuɗin ruwan na wata ne ko na shekara. Kashi 5 cikin 100 a wata yana kama da ƙaramin abu, amma idan yana hawa kan kansa yana kaiwa kusan kashi 80 a shekara, kashi 10 a wata kuwa yana ninka bashin fiye da sau 3 cikin wata 12. Manhajojin ba da rance na waya sun fi kowa amfani da wannan ruɗani, wasunsu kuma suna neman izinin shiga jerin lambobin wayarki don su tozarta ki a wurin dangi idan kika makara. Wadda ke guje wa kuɗin ruwa saboda addini tana iya neman bankunan da ke aiki da tsarin Musulunci, inda ake saye a sayar mata da ribar da aka yi yarjejeniya a kai tun farko, amma a can ma ta nemi jimillar a rubuce.

Game da fita, ki jera bashin duka a takarda ɗaya, ki riƙa biyan mafi ƙarancin abin da ake buƙata a kan kowanne, sannan ki tara sauran ƙarfinki a kan guda ɗaya. Fara da mai mafi tsadar kuɗin ruwa shi ya fi rage asara. Fara da mafi ƙanƙanta kuwa yana ba da ƙwarin gwiwa, saboda ana ganin suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Ki zaɓi wanda kika san za ki ɗore a kai, kuma kada ki ci sabon bashi don toshe tsoho.

'Yan'uwa da ƙawaye suna yawan neman rance a wurina, kuma ina jin nauyin hana su. Yaya zan yi?

Wannan tambaya ce da nake ɗauka da muhimmanci, domin taimakon dangi abu ne mai daraja kuma ba na son a karanta shawarata a matsayin kira ga rowa. Abin da nake cewa shi ne a ba taimako nasa kaso a cikin kasafi, yadda aka ba haya da makaranta. Idan kason watan ya ƙare, sai ki faɗi gaskiya cewa abin da kika ware ya ƙare, ki faɗi lokacin da za ki iya, ba tare da ƙirƙirar uzuri ba.

Ki kuma bambance kyauta da rance tun a bakinki. Na taɓa ranta wa wata 'yar'uwa kuɗin da na shekara ina tarawa, bisa alkawarin baki na wata 2. Ban rubuta ba, don ina ganin rubutu tsakaninmu cin fuska ne. Bayan shekara, ni ina tuna adadi ɗaya ita tana tuna wani, kuma na yi imani kowaccenmu da gaskiyarta take magana. Kuɗin sun dawo rabi, zumuncin kuwa ya daɗe bai koma yadda yake ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Ko saƙon waya mai ɗauke da adadi da ranar biya ya fi babu.

Tsaya wa wani a wurin mai ba da bashi kuwa daidai yake da cin bashin da kanki, domin idan ya gaza ke za a bi. Kada ki tsaya wa adadin da ba za ki iya biya ba.

Ya kamata in haɗa kuɗina da na mijina?

Ma'aurata sun bambanta, kuma dokoki da addinai sun bambanta a kan wanda nauyin gida yake wuyansa, don haka ba zan yanke wa kowa hukunci ɗaya ba. Abin da na ga yana kawo zaman lafiya shi ne a fayyace waye ke ɗaukar me, a san abin da ake tarawa tare, sannan kowa ya kasance da asusu da sunansa. Mallakar asusu ba alamar rashin yarda ba ce. Idan miji ya rasu, asusunsa na iya tsayawa har sai an kammala shari'ar gado, a wannan tsakanin kuwa gidan zai ci gaba da buƙata.

Idan kin saka kuɗinki a sayen fili ko ginin gida ko kasuwancin miji, ki nemi sunanki ya shiga takarda, ko a rubuta gudummawarki da shaidu, tun ana cikin daɗi. Ranar rabon gado ko ranar rabuwa takarda ake dubawa, kuma mata da yawa sun rasa gumin shekaru saboda sun ji kunyar wannan magana. Idan kuma ana karɓe miki samunki da ƙarfi, ko ana cin bashi da sunanki ba da saninki ba, wannan cutarwa ce, kuma ya dace ki nemi taimakon wanda kika amince da shi ko masanin shari'a.

Ta yaya zan gane zuba jari na gaskiya daga damfara?

Alamomin ba su canza ba tun 1920, lokacin da Charles Ponzi ya yi wa mutanen birnin Boston alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana biyan na farko da kuɗin na baya har abin ya rushe. Bernard Madoff ya yi irin wannan na tsawon shekaru kafin a kama shi a 2008, a yanke masa ɗaurin shekara 150 a 2009, kuma cikin waɗanda ya cuta har da bankuna da masu ilimin kuɗi. Idan aka yi miki alkawarin riba mai yawa, tabbatacciya, cikin ɗan lokaci, aka ce ki yi sauri kafin a rufe, aka kuma ce za ki ƙara samu idan kika kawo wasu, to ki riƙe kuɗinki. Tsarin kawo mutane ba ya ɗorewa ko a lissafi, domin idan kowa zai kawo mutum 6, a hawa na 13 ana buƙatar fiye da mutum biliyan 13, adadin da ya wuce na mutanen duniya baki ɗaya. Ganin ƙawarki ta karɓi nata ba hujja ba ne, biyan na farko shi ne tarkon. Ki tambayi abin da ake sayarwa har ribar take fitowa, ki duba rajistar kamfanin a wurin hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, idan ba ki fahimci amsar ba ki bari.

Zan iya ba ɗana ko ɗan aike katina da lambar sirri ya ciro mini kuɗi?

Gara ki tura masa adadin da ake buƙata zuwa nasa asusun. Lambar sirri da lambar tabbatarwa da ake turowa ta waya naki ne ke kaɗai, kuma banki ba ya kira ya neme su. Idan wayarki ta ɓace, ki sa a rufe layin da asusun a ranar.

Ina da sauran ƙuruciya. Ba wuri ba ne in fara tunanin tsufa?

A tanadin tsufa lokaci ya fi yawan kuɗi tasiri, kuma ƙa'idar 72 tana aiki a nan ma ta fuskar alheri. Jarin da ke haɓaka da kashi 8 cikin 100 a shekara, ana mayar da ribarsa ciki, yana ninkuwa duk bayan shekara 9. Abin da aka zuba a shekara 25 da haihuwa zai ninku sau 4 kafin a kai 61, wato ya zama ninki 16, wanda aka zuba a shekara 43 kuwa ninki 4 kawai zai zama. Wannan misali ne na lissafi, ba alkawari ba, domin jari yana hawa yana sauka kuma hauhawar farashi tana cin nata rabo, amma tazarar da ke tsakanin mai farawa da wuri da mai jinkiri tana nan a kowane hali.

Mai aikin albashi ta duba takardar fanshonta aƙalla sau ɗaya a shekara, ta tabbatar abin da ake cirewa yana isa asusun, ta kuma sabunta sunan magajin da ta rubuta idan ta yi aure ko ta haihu. Mai sana'ar kanta ta tambaya ko akwai tsarin fansho na sa-kai a ƙasarta. 'Ya'ya suna iya ɗaukar nauyin iyaye, kuma da yawa suna yi da farin ciki, sai dai su ma za su kasance da nasu nauyin a daidai wannan lokaci.

Waɗanne takardu ya kamata in san inda suke tun yanzu?

Takardun fili da gida, yarjejeniyar haya, shaidar aure, takardun haihuwar yara, na fansho da inshora, jerin asusun banki na gidan, da rubutaccen bayanin bashin da ake bin ku da wanda kuke bi. Ki tara na asali a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga, ki ɗauki hoton kowace takarda ki adana a wani wuri daban, sannan ki sanar da mutum ɗaya amintacce inda jakar take. Lambobin sirri kada su shiga cikin jakar. Ki sa rana ɗaya a shekara da ke da maigidanki, ko ke da babbar 'yarki idan ke kaɗai ce, ku buɗe ta ku cire abin da ya tsufa ku ƙara abin da ya shigo.